Wai mu muka zaɓi talaucinmu?

Makon jiya a kasuwar Kejetiya da ke Kumasi, ƙasar Gana, wani abokin cinikina ɗan Ashanti ya gaya mini maganar da har yau take ci mini rai. Muna hirar tsadar kaya, sai ya ce mutanen arewa, na Gana da na Najeriya duka, mu muka zaɓi talaucinmu, don duk wanda ya raba mana shinkafa shi muke yi wa zaɓe. Na yi shiru saboda ciniki, amma ban yafe maganar ba.

Wanda bai zo Kumasi ba, ba zai gane inda yake tsaye yana wannan magana ba. Sabuwar Kejetiya bene ce hawa-hawa, rumfuna dubbai, ga motocin koko suna wucewa, ga zinaren Obuwasi a kusa. A ƙasan benen kuma 'yan mata ne masu dako, waɗanda ake kira kayayo, da manyan kwanonin silba a ka, wasu da goyo. Ka tambaye su, daga wajen Tamale da Walewale suke. Da dare a bakin shagunan mutane suke shimfiɗa kwali. Binciken hukumar ƙididdigar Gana na 2016 zuwa 2017 ya nuna talauci ya kai kashi 70.9 cikin ɗari a jihar Upper West, a yankin Akra kuwa kashi 2.5. Wannan tazara ta girmi akwatin zaɓe. Turawa sun kawo layin dogo Kumasi a 1903, bai taɓa wucewa arewa ba. Leburorin gonar koko da na ma'adinai suke so daga can, makarantu ma sai daga baya.

To, a nan kowa ya san Ashanti gidan jam'iyyar NPP ne, yawancin arewa da zangonni kuma jam'iyyar NDC. Mazaɓar Asawase da ke tsakiyar Kumasi tun 2005 Muntaka Mubarak na NDC take turawa majalisa. Na taɓa tambayar wani dattijo a unguwar Aboabo dalili. Ya ce, "Ɗana, ina saurayi gwamnatin Busiya ta kori baƙi a 1969. A gabana aka loda maƙwabtanmu a mota, wasu nan aka haife su." NPP jikar jam'iyyar Busiya ce. Shugaba Akufo-Addo na NPP ya buɗe ma'aikatar raya zango a 2017, a 2024 suka tsayar da Bawumia, Musulmi ɗan arewa, duk da haka Asawase ba ta juya ba. Ina shinkafa a nan?

Su kuma fa? A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54, sidi, kuɗin Gana, ya faɗi, jarin 'yan kasuwar Kumasi ya narke a hannunsu. Mahama na NDC ya cinye zaɓen 2024, amma Ashanti na nan tare da jam'iyyarsu. Idan mai kuɗi ya riƙe jam'iyyar kakansa sai a ce aƙida, idan talaka ya riƙe tasa sai a ce yunwa ce.

Ban ce ba a raba taliya da atamfa a gida Najeriya ba, ana yi, kuma abin kunya ne. Mutanen Gana ma sun fi mu saurin miƙa mulki cikin ruwan sanyi, Bawumia washegarin zaɓe ya amsa shan kaye. Amma kada a ce ba mu gwada ba. Kano ta yi PDP, ta yi ANPP, ta yi APC, ta yi NNPP. Mun tsaya a rana mun yi wa Buhari ruwan ƙuri'a. Alkaluman 2019 suka fito, Sakkwato kashi 87.7 na talauci, Legas 4.5. Wace jam'iyya ce kuma ta rage?

Mahaifina a masaƙar Sharaɗa ya yi aiki, da albashinsa ya rene mu tara. Masaƙun Sharaɗa da Bompai da na Kakuri a Kaduna yawancinsu sun mutu saboda rashin wuta da kayan waje, gwamnatoci suna ta wucewa ta gabansu. Shi ya sa nake unguwar Alabar a Kumasi ina sayar da shaddar da ba mu muka saƙa ba, 'ya'yana suna jin yaren Ashanti fiye da Hausar Kano. Ɗan takarar da zai tayar da injinan nan, ko daga wace jam'iyya yake, wallahi zan biya kuɗin mota in je Kano in zaɓe shi, kuma ba zan dawo ba.