Zanen furen wardi ba ado ne kawai ba

Yana damuna yadda mutane da yawa ke ɗaukar zanen tsirrai a matsayin kayan ƙawata bango kawai. Cewa suke, tunda ga kyamara a hannun kowa, me ya rage wa mai zane? Ba su faɗi haka a banza ba, domin hoto ya fi sauri, kuma ba ya ƙari.

Sai dai hoto fure ɗaya yake kamawa, a rana ɗaya. Mai zanen tsirrai kuwa yakan bi itacen wata da watanni, sannan ya tara komai a takarda guda: furen kafin ya buɗe, bayan ya buɗe, lanƙwasar ƙaya, bakin ganye mai haƙoran zarto, har da ɗan da yake yi idan furen ya kaɗe. Da waɗannan ake bambance wani irin wardi da wani, launi kaɗai ba ya isa. Busasshen samfurin da masana ke adanawa ma launinsa gushewa yake yi.

A Faransa, Pierre-Joseph Redouté ya fitar da zanen wardi kusan 170 tsakanin 1817 da 1824, masanin tsirrai Claude-Antoine Thory ya rubuta bayanin kowanne. Har yau ana komawa gare su don gane tsofaffin iri. Mujallar tsirrai ta Curtis, wadda aka fara a Ingila a 1787, har yanzu zanen hannu take bugawa.