Sojan da makaminsa lissafi ne

Yana min ciwo in ga yaro ya gama digiri a lissafi ko kwamfuta, an buɗe ɗaukar hafsoshi, sai ya ja da baya wai shi ba mutumin bindiga ba ne. Akwai aiki a gidan soja wanda sai irinsa: bin diddigin yadda makami ke aiki da adana bayanansa. Harbi nawa aka yi, nawa ya samu, a wane zafi ya cije, bayan awa nawa na'ura ta fara kuskure.

Ku dubi abin da ya faru a Daharan ta Saudiyya ranar 25 ga Fabrairu, 1991, lokacin Yaƙin Tekun Fasha. Iraƙi ta harbo makami mai linzami samfurin Scud, na'urar Patriot da Amurka ta girke don kakkaɓo shi ko motsawa ba ta yi ba. Ya faɗa barikin sojoji, mutum 28 suka mutu. Agogon cikin kwamfutarta ne ke ɗan zamewa, kuma ta yi kusan awa 100 a kunne, har zamewar ta kai kusan sulusin daƙiƙa. A gudun Scud, wannan ya fi rabin kilomita, sai ta nemi makamin inda ba ya nan.

Abin takaicin, an riga an gano matsalar makonni biyu kafin nan. Gyararriyar manhajar ta iso Daharan washegarin harin. Bayanin na hannu, bai kai ga masu buƙatarsa da wuri ba.

Aikin nan kuma yana son mai tsoron Allah. Kamfani na son a ce makaminsa ba ya kuskure, oga ma ba ya son labari mara daɗi. Bayan yaƙin, sai da masana irin su Theodore Postol suka ƙalubalanci alƙaluman nasarar Patriot, rundunar sojan Amurka ta rage su.

Mu da muka ga abin da jirgi marar matuƙi ya yi wa masu Mauludi a Tudun Biri a 2023, Allah Ya jiƙansu, ba ma buƙatar a gaya mana tsadar kuskure. Ga kamfanin ƙera makamai na DICON a Kaduna tun 1964, ga makarantar horar da hafsoshi ta NDA, ga cibiyar fasaha ta sojan sama ta AFIT, duk a ƙofar gidanmu. Ƙanena mai ƙaunar alƙaluma, ka ƙware a ƙididdiga da sarrafa rumbun bayanai, in an buɗe ɗauka ka nema.