Dajin Baturiya na shan sara, a riƙa duba shi daga sama mana

Duk mutumin Kirikasamma ko Guri ya san dajin Baturiya da ke jihar Jigawa na shan gatari, masu itace na yi, masu gawayi na yi. Amma ka tambaya nawa ne ya rage, ko ina da ina ruwa ke kwanciya ƙarƙashin giyayya da bagaruwa da goruba in damina ta yi nisa, sai kame-kame. Alhali wurin nan tun 2008 yake cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya da ake kira Ramsar.

In ka ce a duba dajin daga sama, sai a ce wai gajimare ne ke hana tauraron ɗan Adam ɗaukar hoto da damina. Gaskiya ne, amma ga kyamara. Shi rada ba ruwanshi da hadari ko dare, sigina yake harbowa ƙasa ya saurari dawowarta. Ruwan da ke kwance a fili baƙi ƙirin yake fitowa don siginar zamewa take ta wuce, in kuwa ruwan na gindin bishiyoyi ne sai ta daki ruwan ta daki kututture ta koma sama da ƙarfi, wurin ya yi fari tas a hoton. Ta haka ake gane dajin da ƙafarsa ke cikin ruwa. Sentinel-1, tauraron rada na Turai, tun 2014 yake sama kuma hotunanshi kyauta ne, ko sisi ba a biya. NISAR na Amurka da Indiya da aka harba a 2025 ma ya fi ratsa ganye, don siginarshi ta fi tsawo.

To me muke jira? Tunda aka gina dam ɗin Tiga da na Challawa a kan kogunan da ke shayar da wurin tafiyar ruwa ta canza, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wajen ambaliya wani wajen ƙasa ta tsage, bishiyar da ta saba da ruwa kuwa in ya daina zuwa mutuwa take a tsaye.

Sai dai kar a zauna a ofis a Dutse a zana taswira a ce an gama. Kachala mai kauri ma tana iya yin fari a hoton kamar daji, masunci da ke tura kwalekwale a wajen ne zai ce maka nan kachala ce, can giyayya. A ɗauki ɗaliban jami'o'inmu a haɗa su da sarakunan ruwa da masu unguwanni, duk damina a fitar da taswira da Hausa, a manna ta a ƙofar gidan hakimi kowa ya ga inda aka sare bana.