Garin furotin ba shi ke gina damtse ba

A fadojin Damagaram inda samari ke ɗaga ƙarfe, da yawa sun ɗauka sai da garin furotin na gwangwani ƙirji ke buɗewa. Ba haka ba ne. Motsa jiki, abinci da isasshen barci su ke gina tsoka. Garin nan galibi daga ruwan da ke tsatsowa idan ana yin cuku ake busar da shi, wato abinci ne kawai, mai tsada.

Saurayi mai kilo 60 na bukatar kusan giram 50 na furotin a rana, mai ɗaga ƙarfe kuwa kusan ninki biyu na haka. Ƙwai ɗaya na da giram 6, busasshen wake giram 100 ya haura giram 20. Ga ƙuli-ƙuli, awara, nono, kilishi, ga soyayyar fara a Kasuwar Dole. Abin da ya wuce bukata jiki ƙona shi yake yi, ko ya mai da shi kitse.

Abin tsoro ma shi ne ƙwayoyin ƙiba na masu talla. Wasu maganin asibiti ne da ake kira deksametazon, mai kumbura fuska, ya hau da jini da sukari, tsokar kuma ya raunana ta.