Wa ke ba tsohon gidanku maganin zuciyarsa?

A Turai da Amurka, wasu tsofaffin da zuciyarsu ta gaza sukan koma gidan kula da tsofaffi, inda nas ke ƙirga musu ƙwayoyi. A Bauchi kuwa a gida muke jinyar iyayenmu, kuma suruka ko jika ce ke ba da magani. Al'ada ce mai kyau. Sai dai da wuya a zaunar da wannan baiwar Allah a koya mata abin da take miƙawa.

A nan, galibi hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba ne ke kassara zuciya. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi sama-sama, tsoho ya kasa kwanciya sai an tara masa filo. Likita yakan rubuta furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, don ruwan ya fita ta fitsari. To, dattijon da ke son alwalarsa ta kai shi daga Magariba zuwa Isha'i sai ya riƙa ɓoye ƙwayar. Wani kuma a ba shi da daddare, ya tashi cikin duhu zuwa banɗaki, jiri ya ɗebe shi ya faɗi, alhali da safe aka fi shan sa. A zafin Maris da Afrilu, ko idan gudawa ta kama shi, ruwan jikinsa na iya ƙonewa har ƙoda ta taɓu. Nan likita za a nema, kada a rage ko a ƙara da ka.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin ciwon gwiwa. Baba ya yi ƙorafi, a aika yaro kemis ya sayo diclofenac ko ibuprofen, waɗanda ke sa jiki riƙe gishiri da ruwa, su rushe aikin da likita ya yi. Kunun kanwa da miya mai yawan dunƙule ma haka. Mai shan maganin zuciyar nan digoxin kuwa, idan ya daina cin abinci, yana amai ko ruɗewa, kada a ce tsufa ne. Wataƙila maganin ne ya taru a jininsa.

Don haka nake roƙon Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran asibitocin jihar: kada a sallami tsoho sai an yi wa mai jinyarsa bayani da Hausa, an ɗaura kowace ƙwaya a kan lokacin salla. 'Ya'ya maza kuma, biyan kuɗi kaɗai bai wadatar ba. Ranar ganin likita ku tafi da wadda ke ba da maganin, ku haɗa duk abin da yake sha a leda ɗaya, har da jiƙo.