Kankana marar iri ba ita ce abin tsoro ba

Tun da aka amince da masarar TELA, wadda aka dasa wa ƙwayoyin gado daga wata halitta (abin da ake kira "GMO"), a Najeriya a watan Janairun 2024, duk wani amfanin gona da ya ɗan bambanta da wanda muka saba ya shiga uku. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp, wai kankana marar iri "GMO" ce, wai mai shan ta zai daina haihuwa. Wannan magana ba ta da tushe.

Kankanar da muka sani tana da kuromosom 22, wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke cikin kowace ƙwayar halittarta. Idan aka ninka su suka zama 44, aka haɗa da mai 22, sai a sami mai 33, wadda ba ta iya yin iri mai ƙwari. Wani masani ɗan Japan, Hitoshi Kihara, ya yi wannan aiki tun kafin a san yadda ake dasa ƙwayar gado daga wata halitta zuwa wata. Babu baƙon abin da aka cusa mata.

Kuma Allah Ya halicci tsirrai suna ninkuwa da kansu. Alkamar burodi tana da 42, daga kakanni uku. Dankalin Hausa 90. Ayabar da muke ci rashin irinta daga nan ne. Acha ma ninkakkiya ce.

Amma ni gyada ce ta fi damuna. Shekaru kusan dubu 10 da suka wuce, a yankin Bolibiya da Ajantina, wasu gyadun daji biyu masu 20-20 suka haɗu, gadon ya ninku ya zama 40. Daga nan aka sami gyadar da aka gina dala da ita a Kano. Ninkuwar ta ba ta albarka, ta kuma raba ta da danginta na daji, domin ba ta iya haɗuwa da su cikin sauƙi. Sai gadonta ya ƙuntata, alhali dangin nan suna ɗauke da juriyar cututtuka da dama. Dattawan manoma ba su manta da kuturtar gyada ta 1975 ba, wadda ta cinye gonakin Arewa. A Senegal, masana sun bi hanyar ninkawar nan suka jawo gadon gyadar daji cikin ta gona, har aka fitar da sababbin iri. Irin aikin da masu saƙon murya ke tsorata mutane da shi ke nan!

Masu cewa "rigakafi ya fi magani, a guji duka" ba su bambance komai da komai ba. Mai adawa da TELA ya kawo hujjarsa a kan TELA, ya bar kankana.

Cibiyar binciken noma ta Samaru da malaman gona su fito rediyo su yi bayanin nan da Hausa, gwamnati kuma ta sa kuɗi a aikin inganta gyada kafin wata cutar ta sake zuwa.