Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Na daɗe ina haɗiye maganar nan har ta fara tokare mini ƙirji, yau kam sai ta fito. Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Shekaranjiya bayan la'asar wata Hajiya ta yi sallama gidana, riƙe da ɗan hoto a cikin leda. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Malama, ga aikinku nan ya lalace, ko wata biyu bai yi ba." Wannan "aikinku" da ta faɗa shi ya fi komai ƙona mini rai. Na karɓa na duba. Hoton marinar Ƙofar Mata ne, ramukan baba a jere, ga tsohon marini durƙushe yana tsoma zane. Ni zanen ulu nake yi, wato hoton da ake haɗawa da gashin tunkiya da allura, wannan kuma sak wanda na yi bara ne, na kwashe kwana 11 a kansa, har da karkatar hular tsohon. Sai dai a wannan, hular ta ɓalle tana yawo a ƙasan firam, shuɗin ruwan kuma ya ɗago kamar ɓawon ciwo.

Na kwance firam ɗin na juya bayan ƙyallen. Fes yake, ba ko silin gashi, sai tabon gam da ya bushe ya yi rawaya. Na ɗauko nawa daga bango na juya mata shi. Ta ga gashi ya huda ya fito ta baya buzu-buzu, har ana iya gane inuwar hoton ta can. Na ce, "Hajiya, duk aikin da allura ta yi, bayansa ne shaidarsa. Wannan naki allura ba ta taɓa shiga cikinsa ba."

Bari in yi wa masu saye bayani, don su ake cuta. Gashin tunkiya na asali yana da wasu 'yan ɓawo-ɓawo a jikin kowane sili, kamar na kifi, ido ba ya ganinsu. Allurar aikin kuma ba ta ɗinki ba ce, ba ta da kafar zare. A kusa da bakinta akwai 'yan tsaga-tsaga, idan ka soka ta cikin ulun sai su kamo silin sama su tura shi ƙasa, ya sarƙe da 'yan uwansa. Ka caka, ka zare, ka caka, ka zare, sau dubbai, har ulun da yake sako-sako kamar auduga ya dunƙule ya kama ƙyallen da ke ƙarƙashinsa. Ba zare, ba gam, ba ɗinki. Allurar ma lamba-lamba ce: mai lamba 36 kauri gare ta, da ita ake kafa shimfiɗar farko, 38 ita ce ta yau da kullum, 40 da 42 siraran nan su ke fitar da ƙwayar ido da gefen leɓe. Aiki ne na haƙuri, ana fara shi daga abin da ya fi nisa, sararin sama tukuna, sannan bango, sannan mutum. Shuɗin nan na ruwan baba kala biyar na haɗa da buroshi biyu, ina taje su ina sake tajewa, kafin ya ba ni duhun da nake gani a bakin ramin da hantsi.

To, wata baiwar Allah ta san duk wannan, domin a kan tabarmata ta ji shi. Asabar uku ta yi tana zuwa, Anti sama Anti ƙasa. Ranar farko ta karya allura huɗu, saboda tana sokawa a miƙe tana zarewa a karkace, alhali allurar nan ƙarfe ne mai gautsi, yadda ta shiga haka za ta fita. Ban ce ta biya ba. Na kama hannunta da nawa na nuna mata. Da ta soke ɗan yatsa jini ya fito, ni na ɗaure mata, na ba ta safar yatsa ta fata da nake amfani da ita. A Asabar ta huɗu aka ce ba ta da lokaci. Ashe lokacin buɗe shafin tallarta a intanet ne ya yi.

Ban ƙi a buɗe shafi ba, wallahi. Kasuwa ta Allah ce, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Akwai waɗanda na koya wa suka fi ni ciniki yau, idan na ga aikinsu har addu'a nake sa musu. Abin da ya tsaya mini shi ne in buɗe waya in ga hoton aikina, wanda na ɗauka a kan teburina, an yanke gefen da sunana yake, an rubuta a ƙasa wai baiwa ce daga Allah, ba wanda ya koyar, wai ma a nan aka ƙirƙiro sana'ar. Subhanallah. Makiyayan Mongoliya da na tsakiyar Asiya sun shekara dubbai suna dunƙule gashin tumaki da ruwa da murza, suna rufe tantunansu da shi. Allurar kuwa daga injinan masana'anta ta fito, inda ɗaruruwanta ke sauka a lokaci guda, sai wajen shekarun 1980 masu aikin hannu a Amurka suka fara zaro ƙwaya ɗaya suna sarrafa ulu da ita. Ni kaina koya na yi, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma faɗin haka bai rage ni da komai ba.

Da a ce satar hoton ce kaɗai, da na bar wa Allah. Amma a tallata aikina, a karɓi kuɗin mutane, sannan a miƙa musu zaren roba na saƙa da aka taje da buroshi aka manna da gam, ana rantsuwa ulu ne tsantsa, wannan ba zan yi shiru a kai ba. Kowa ya san tumakinmu, 'yankasa da uda da balami, ba su da irin gashin da ake wannan aiki da shi. Nasu gajere ne mai tauri, dabbobin nama ne da layya. Ulun da nake aiki da shi daga waje yake zuwa. Merino mai laushin nan, wanda asalinsa Sifen ne amma yanzu Ostareliya ta fi kowa kiwonsa, da shi nake yin sararin sama da fatar fuska. Corriedale na Niyu Zilan ya ɗan fi shi kauri, ya fi saurin kamawa a allura, shi nake sa wa a ƙasa da bango. Sai in yi makonni ina jiran saƙo, dala na hawa ina kallo. Sannan a zo a ce wa mai saye, "Wancan tsada ce kawai da son kuɗi, zo nan ki samu a rabin farashi." Ina za a samu ulu na gaske a rabin farashi?

Hajiyar nan ba ta gamsu ba sai da na ɗauko ashana. Na tsinko sili daga nawa na kara a wuta. Ya yi ƙauri irin na babbakar kan rago, wutar ta mutu da kanta, na murje bakin da yatsa ya zama toka. Na tsinko daga nata. Ya kama ci yana narkewa, warin ƙonanniyar leda ya cika ɗakin, ya bar wani baƙin dunƙule mai tauri kamar tsakuwa. Ta yi shiru, sai ga hawaye. Ashe ɗanta da ke karatu a Masar ta saya wa, don ya rataye a ɗaki ya riƙa tuna gida. Mahaifinta marini ne.

Wannan shi ne abin da wasu ba sa lissafawa idan suna ƙirga riba. Shekara shida na yi ina bi gida-gida da baje koli ina yi wa mutane bayanin mene ne zanen ulu, ana tambayata ko auduga ce, ko fenti ne. Da ƙyar aka fara yarda. Yanzu kowane hoton gam da ya ɓalle a falon wani, ba sunan mai shi ake kira ba, cewa ake yi "aikin 'yan ulun nan ba ya ƙarko." Mu duka ake shafa wa kashin kaji, har da yaran da ke zaune yanzu suna caccakar ulu a kan soso, yatsunsu duk huji, suna koyo bil haƙƙi.

Baiwar Allah, na san kina karantawa, don ba ki taɓa barin abin da na ɗora ya wuce ki ba. Ki sauke hotunana guda bakwai da ke shafinki, kin san su, na san su. Idan roba za ki sayar, ki ce roba ce, akwai masu so. Ki mayar wa matar nan kuɗinta, lambarta tana wayarki. Safar yatsan kuma ki riƙe, na bar miki.

Na karɓi aikin Hajiya, zan sake yi mata daga farko, ta ce za ta kawo mini tsohon hoton mahaifinta in sa kamanninsa a fuskar marinin. Na riga na shimfiɗa sararin saman tun jiya da dare. Duk wadda ta sayi hoto a wani wuri take kokwanto, ƙofata a buɗe take ranar Asabar daga hantsi zuwa azahar. Ki zo da shi, za mu kwance firam mu juya bayansa tare, ashana ma tana nan kan tebur.